Katifar Hawan Dutse

Litinin, 20 ga Oktoba 2014, bayan la'asar

Yau Malam Dikko ya sauko sito ya tarar da kwalayen da na shimfiɗa ban ɗauke ba. Bai yi faɗa ba. Ya sa ƙafa ya taɓa su, ya ɗaga kai yana kallon sili kamar da shi yake magana. Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon. Ni ban ga kowa yana kwana nan ba. Mai kula da gini ma ban so ya gani, in ya gani shagona za a rufe. Duk abin da mutum zai shimfiɗa, gari na wayewa ya zama babu shi." Na ce na ji, Malam. Ya ce, "Hitar ɗumama ɗaki kuwa kar ma ka fara, ga manja ga kwali." Ya hau abinsa.

Ke nan ina neman abin da zan kwanta a kai da dare, da safe ya shige jakar baya.

Tun zuwana ƙasar nan gado ɗaya muke da Yaya Inusah a unguwar Park Hill, can tsallaken ruwa. Ɗan wan babana ne. Shi tasi yake ja da dare yana jiran fasinja a filin jirgin saman JFK, ni ina shagon Malam Dikko a titin 116 da rana. Ina tashi yana shigowa. Yakan ce ba ya buƙatar bargo, na riga na ɗumama masa wurin. Yanzu an kawo masa matarsa Safiatu daga Kumasi. Wannan na gane, ni ba yaro ba ne. Na ce zan koma falo, in ɗora shuɗayen durom ɗin nan da yake tara kayan aikawa gida a kan juna, wuri zai fita. Ya ce ba zai yiwu ba, ko tabarma ba ta da wuri a falon. Sannan ya faɗi ɗaya maganar. Ita ba zan rubuta ba.

Na ce masa na samu ɗaki kusa da wurin aiki. Ya ce madalla. Bai tambayi wane titi ba.

Ba komai.

Laraba, 22 ga Oktoba, da azahar

Na roƙi Malam ya ba ni awa biyu, na sauka can ƙasan gari shagon masu yawon daji. Na sha wuce shi ina kallon tantin da suka kafa a bayan gilashi, ina mamakin mutanen da suke da ɗaki da gado, su sayi kaya masu tsada don su je su kwana a ƙasa.

Ciki ƙamshin sabuwar roba. Katifun iska a rataye jere kamar rigunan haya, ja, kore, ruwan ƙwai. Wani mai jan gemu da ɗan kunne ya zo yana murmushi. Na ce ina son wadda za ta naɗe ta shiga wannan jakar. Ya ɗauki wata 'yar ƙunshi da ba ta fi gwangwanin madara babba ba ya ɗora min a tafin hannu. Wallahi na ɗauka wasa yake. Ya ce ita ke nan, mutum guda take ɗauka.

Sai ya fara tambaya. Ina za ka? Wane lokaci na shekara? Ƙasar wurin yaya take?

Bayana akwai wata mata da kare tana jira. A bango ga hoton wani dutse da rana ta haske shi, ciyawa kore shar. Na nuna da baki na ce irin can. Ya ce da zafi ke nan? Na ce e, da zafi. Ya ce to ka huta, mafi sauƙin nauyi za ka ɗauka. Ya nuna min wata lamba a jikin kwalin, ya ce ita ke faɗin yadda katifa ke tare sanyin ƙasa, wannan lambarta ƙarama ce, amma tunda da zafi ne ba ruwanka da ita. Ga wata can mai kauri ta masu kwana kan ƙanƙara, ta fi nauyi.

Na yi dariya a raina. Sanyin ƙasa? Mu a Aboabo, can Kumasi, in zafi ya hana barci ƙasa muke sauka mu nemi sanyin simintin, har rigima muke a kan wurin da ya fi sanyi. Sanyi daga sama yake zuwa, bargo ke maganinsa. Ina da bargo biyu a bayan buhunan gari.

Ya ce in gwada. Na kwanta a tsakiyar shago da takalmina, karen matar yana shinshina min kunne. Ya ce yaya ka ji? Na ce lafiya lau. Na ɗauki mai ruwan ƙwai.

Da zan fita ya ce in ɗauko masa hoto daga kan dutsen.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe kafin buɗe shago

Da baki ake hura ta. Kafin ta cika sai da jiri ya ɗebe ni na zauna kan kwalin tumatir. Amma ƙuguna bai taɓa siminti ba, karo na farko tun da na baro Park Hill. Tana da ƙara dai. Ko yaya na motsa sai ta yi kamar ana murza leda. Ɓerayen ma sun yi tsit suna saurare.

Da asuba na buɗe bakinta, na durƙusa a kai na naɗe. Ta shige jaka har da sauran wuri. Malam Dikko ya sauko ya duba ko'ina, ya ce, "Bon." Ya aiko min da shayi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan magariba, a cikin feri, jirgin ruwan tsallakawa

Na je gaida amarya. Malam ya ba ni kuɓewa busasshiya da daddawa in kai mata. Safiatu mutum ce mai fara'a, ba ruwanta. Tun daga ƙofa ta fara: "Ga mijina ƙarami! Kai ne ka gudu ka bar ni da tsoho? Ina ka ɓoye ɗakin naka, ko wata ka ajiye a ciki?" Na ce Anti ai ɗakin bai kai a kai baƙuwa ba tukuna. Ta ce za ta zo da tsintsiyarta.

Ta yi tuwo da miyar ayoyo. Na ci har na ji kunya.

Wajen ciro daddawar daga jaka katifar ta faɗo ta gangara gaban Yaya. Ya ɗauka yana juyawa. "Wannan fa?" Na ce katifa ce ta hawan dutse. Wani mai sayen kaya a wurinmu ne yake zuwa da ni wani lokaci. Ƙaryar ta fito sumul, tunda na riga na taɓa yin ta.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Safiatu, zo ki ga! Alkasim ya zama Bature. Mutane sun baro daji sun zo birni, shi ya sayi tikitin komawa. Me ka ajiye a kan dutsen?" Safiatu ta ce a bar mata miji ya sha iska, wasu ai daga kujerar mota sai gado. Muka yi dariya duka. Ni ma na yi.

Durom ɗin suna nan a jere yadda na bar su. Na ƙi kallon wajen.

Ba komai.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Sanyi ya fara. Na ƙara bargo na biyu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Ban gane wannan abu ba. Sama na lulluɓa har ina gumi a wuya, amma bayana kamar na jingina da firjin kifi. In na juya dama, haƙarƙarin dama ya ɗauka. In na juya hagu, haka. Iskar da ke cikin katifar ita kanta sanyi take yi, ni na hura ta da ɗumi, kafin a jima ta koma bayan siminti. Na ɗora jaket kan barguna, na ɗora buhun da babu komai kan jaket. Duk a sama nake ta tarawa, abin kuwa daga ƙasa yake shigowa.

Sai ɗazu ina jera doya na tuna lambar da mai jan gemu ya nuna min. Mutumin ya tambaye ni tsakani da Allah. Ni na ce masa da zafi.

Na gwada sa kwali a ƙarƙashi. Simintin nan yana tsatsafo da ruwa, kafin safiya kwalin ya yi laushi, kuma Malam yana ƙirga kwalayensa da ido.

Yau ban je Park Hill ba. Ba a kuma kira an ji ko lafiya ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Tari.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Jiya na farka a kan siminti, katifar ta sace gaba ɗaya. Na kaɗa ruwan sabulu na bi jikinta da shi yadda masu faci suke yi can gida a bakin tashar Asawasi, sai ga kumfa tana tashi wajen kafaɗa. Ƙayar kifin banda ce, 'yar mitsitsiya. A cikin jakarta akwai ɗan abin faci da suka sa, na manna. Ta riƙe.

A masallaci na hango Yaya a sahu na biyu. Yakan zo nan Harlem Juma'a in ya tashi da wuri. Da aka sallame na ga sun tsaya da Malam Dikko a bakin ƙofa, sun daɗe, Malam yana magana da hannu, Yaya yana kallon takalmansa. Da na iso suka koma maganar tsadar mai. Yaya ya dafa min kafaɗa ya ce, "Bature, yaya dutse? Wannan tari fa, ka sha citta." Ya ce yana sauri, ya ajiye mota inda ba a ajiyewa.

Tun muna yara haka yake. In zai yi maka abu sai ya fara ba ka suna.

Na sha cittar.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Wata tsohuwa 'yar Tamale da ke sayen gero a wurinmu ta dube ni ta ce, "Ɗana, wa ke dafa maka?" Na ce matar yayana. Ta ce to ta ƙara hannu.

Wani lokacin in na rufe shago nakan tsaya a tsallaken titi ina kallon tagogin gidajen sama. Kowace da labule, kowace da wuta. Ba na ƙyashin kowa. Lissafi kawai nake: a kowane ɗaki akwai ƙasa tsakanin gado da bango da ba wanda yake takawa sai zai kashe fitila.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da azahar

Yaya ya kira. Shi da kansa. Da na ga sunan sai da na shiga bayan buhunan shinkafa na gyara murya, kamar wani zai gan ni. Na ɗauka ɗaya maganar zai janye.

Ya ce, "Bature, katifar nan taka tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce Kadri ƙanin Safiatu zai taso daga garin Columbus ranar Litinin, zai nemi aiki a nan, zai ɗan zauna wurinsu kafin ya samu ɗaki. "Ka kawo mana aronta Lahadi. Ai yanzu sanyi ya shigo, ba mai hawan dutse sai mahaukaci. Tana ajiye kawai, ko ba haka ba?"

Na ce a ina zai kwanta?

Ya ce, "A falo mana. Za a san yadda za a yi."

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da asuba

Na ce masa to.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Duk yinin nan ina shirya maganar da zan faɗa. Na shirya ta wajen auna gari, na rushe ta wajen ɗaure manja. Yaya, katifar nan ita ce gadona. Kalmomi kaɗan ne. Amma in na faɗa na ce shi ya jefa ni a titi, a gaban matarsa, cikin watan amarcinsa. Mu ba a yi mana tarbiyyar haka ba. Ƙarami ba ya tsiraita babba. Kuma shi bai sani ba, ni na ce masa na samu ɗaki. Mutum ba ya laifi a kan abin da aka ɓoye masa.

Da wannan na riƙe kaina duk makonnin nan. Bai sani ba.

Zan kai. In koma kwali, Malam ya yi ta kallon sili.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan magariba, a cikin feri

An ɗora durom kan durom. Biyu a ƙasa, biyu a sama, jikin taga, yadda na ce. Wuri ya fita har ya yi yawa. An share, an goge.

Yaya yana kan kujera da waya a hannu. Ya ce in hura musu su gani, kar Kadri ya zo su rasa kanta. Na durƙusa a wurin na warware ta na fara. Tarin nan bai bar ni na ja numfashi mai tsawo ba, sai in hura biyu in tsaya. Safiatu ta fito daga kicin da ludayi tana tsokana: "Mijina ƙarami, da wannan ƙirjin kake hawa dutse? Kawo in taya ka." Ta tsuguna ta dafa katifar don ta ji taushinta. Sai ta tsaya. Ta kai hanci kusa.

"Kai, Alkasim. Wane irin dutse ne ke warin kifin banda? Har da daddawa!" Dariya take yi da ta fara faɗa. Ta ga facin wajen kafaɗa, ta ga inda kaina ya sa robar ta yi duhu. Dariyar ta ragu.

Na buɗe baki zan ce a jaka ta ɗauki warin. Ban kai ga faɗa ba.

Yaya ko ɗagowa daga wayar bai yi ba. Ya ce, "Ai sito ne, dole ta ɗau wari. Ki shanya ta a taga kafin gobe."

Tukunya tana ta tafasa a kicin. Na ga lokacin da shi ma ya ji abin da ya faɗa, yatsansa ya tsaya a kan wayar. Safiatu ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Ta ce, "Wane sito?" Ya ce ta duba miyarta za ta kama.

Ban ce a'a ba. Ban iya faɗa masa a'a ba, har yau ban iya ba. Na dai buɗe bakin katifar na ɗora gwiwa. Iskar tana fita da ƙara, ta daɗe tana fita, mu uku muna sauraro. Na naɗe ta yadda nake yi kowace asuba, hannuna ya saba, na sa a jaka na ja zif. Ya ce, "Alkasim." Ba Bature ba. Na ce sai an jima, Yaya, a gaida Kadri in ya iso.

Safiatu ta biyo ni har bakin matakala ba takalmi, da tuwo a roba. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi ni ɗaki aka ce min." Na ce na sani, Anti. Ta ce in dawo, ita za ta yi magana. Na ce ta koma ciki, ƙasan nan da sanyi.

Tuwon yana kan cinyata yanzu, da sauran ɗumi. Ruwa baƙi ƙirin, garin yana ta matsowa da fitilunsa.

Tun yaushe ya sani? Tun Juma'ar nan ta masallaci, ko tun ranar da bai tambayi titi ba?

Litinin, 17 ga Nuwamba, da safe

Ruwan sama. Malam Dikko ya ce, "Lahiya?" Na ce lafiya. Ya ce shi dai ya faɗa wa wanda ya kamata ya ji. Na ce na gode, Malam.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan azahar

Na koma shagon masu yawon daji. Mai jan gemu ya gane ni tun daga nesa. Ya ce, "Mutumin dutse! Ina hotona?"

Yau ma da mutane a bayana. Na ciro katifar na ɗora a kan tebur. Na ce babu dutse. Siminti ne, a ɗakin ƙasa, yana tsatsafo da ruwa, ba hita, kuma kullum ne, har sanyin nan ya wuce ko ya fi haka. Da safe dole ta shiga jakar nan.

Na jira ya yi irin fuskar nan da suke yi. Bai yi ba. Ya shafa gemu ya dubi jakar, ya dubi tsawona. Ya ce, "A gefe kake kwanciya ko rigingine?" Na ce a gefe, na dama. Ya ce to mai kauri kake so, don ƙugu da kafaɗa. Ya sauko da ta masu kwana kan ƙanƙara, toka-toka, ba kyan gani, lambarta babba. Ya ƙara da wata ta soso mai naɗewa kamar fifita, ya ce ita za ta fara zama a ƙasa, ba ta shan ruwa, ƙaya ba ta fasa ta. In an ganta a jikin jaka ba wanda zai ce komai, rabin garin nan da irinta suke zuwa motsa jiki. Ya karɓi mai ruwan ƙwai, ya shinshina, ya ce wannan ta ga duniya. Ya sa ta a ƙarƙashin tebur, na cika abin da ya rage.

Ya ce in gwada. Na kwanta a gefen dama. Wannan karon da ya ce yaya ka ji, sai da na tsaya na ji tukuna kafin na amsa.

Jakar ta yi nauyi, zif da ƙyar ya rufe. Tun da na baro Park Hill shi ne na farko da ya tambayi yadda nake kwanciya.

Talata dai, bayan isha'i

Ta fi waccan cin iska. Ina cikin hurawa waya ta yi ƙara a kan kwalin tumatir. Yaya ne. Ta katse, ta sake.

In na saki bakin katifar iskar za ta gudu. Na ci gaba da hurawa.